RAID 5 ya tsaya ana tsakiyar sake gini bayan na sauya madabod, faifai na biyu ya fita, me ya kamata in yi?

Mai_Hoto_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san RAID a Linux ya taimaka min. Muna da shagon ɗaukar hoto da bidiyo, bukukuwa da walimomi da saukar karatu, kuma duk aikin mutane yana kan kwamfuta ɗaya da muka mayar saba. Faya-fayai huɗu ne, kowanne 4TB, an haɗa su RAID 5 (tsarin da ke jure rashin faifai ɗaya kawai) da manhajar mdadm a kan Ubuntu. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona madabod da fawa-fak. Muka sayo wasu muka haɗa, Ubuntu ɗin yana kan ƙaramin SSD na M.2. Da aka kunna, faifai uku suka bayyana, na huɗu shiru, ko a BIOS ba ya fitowa. Aka ce min wutar ta tafi da shi. RAID ɗin ya tashi da ukun, muka ci gaba da aiki a haka har na samu kuɗin sabo. Na sa sabon, na ba shi --add, sake gini (cike sabon daga sauran ukun) ya kama, ya wuce rabi, sai wani faifan kuma ya fita. Na kashe na kunna, yanzu /proc/mdstat cewa yake inactive. Wani ya ce in yi mdadm --create da irin tsarin farko, wai komai zai dawo. Akwai bidiyon bikin mutane da ba mu miƙa ba tukuna. Don Allah a ba ni shawara.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada ka yi --create. Kada ka yi fsck, kada ka sake --add, kada ka yarda da duk wani saƙo da ya ce zai gyara maka faifai. A yanzu karatu kawai za mu yi, ba rubutu. Turo mana abin da mdadm --examine ya nuna a kan kowane faifai, musamman layin Events (lambar da ke nuna wane faifai aka bari a baya) da Device Role da Update Time. Sannan smartctl -a na kowanne, da abin da dmesg ko journalctl ya rubuta a daidai lokacin da faifan ya fita. Ka riƙa gane su da lambar da ke jikinsu ta /dev/disk/by-id, domin sda da sdb suna iya musanya suna duk lokacin da aka kunna na'ura.

Bakatsine_Net:
Allah Ya sawwaƙe. Amma a gaskiya RAID 5 da faya-fayai masu girman 4TB ganganci ne. Masu ƙera faifan gida suna rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin bit 10 a ɗaga 14, wato kusan 12.5TB. Kai kuma sake gini sai ya karanta faifai uku daga farko har ƙarshe, 12TB ke nan. Ka ga lissafin ya hau kansa.

Hajiyar_Saba:
Bakatsine, wannan adadin iyaka ce da kamfani ya ɗauka wa kansa, ba wai dole kowane 12TB sai an ci karo da kuskure ba. Da haka ne, da binciken wata-wata da ake yi wa manyan RAID kullum yana faɗuwa. Kuma ko gaskiyarka ce, ba lokacinta ba ne yanzu, mutum yana cikin damuwa. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne faifai na huɗun da aka ce ya mutu. Malam Mai Hoto, wa ya tabbatar ya mutu? Ka gwada shi a wata kwamfutar? Ka ji yana juyawa idan aka ba shi wuta?

Mai_Hoto_Fagge:
Hajiya, ban gwada shi a wani wuri ba, yana nan cikin aljihun tebur na naɗe shi. Ga abin da Injiniya ya nema. Faifai biyu Events ɗinsu iri ɗaya. Wanda ya fita daga baya yana bayansu da kaɗan, bai kai talatin ba. Sabon kuma an rubuta masa spare. A dmesg akwai "failed command: READ FPDMA QUEUED" da "hard resetting link" suna maimaituwa, daga nan sai "Disk failure" da "Operation continuing on 2 devices". A smartctl na faifan da ya fita, Reallocated_Sector_Ct sifili ne, Current_Pending_Sector 8, UDMA_CRC_Error_Count kuma ya haura ɗari.

Injiniya_Samaru:
Alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi fiye da yadda kake zato. Tazarar Events ƙarama ce, ma'ana bayan fitarsa ba a rubuta wani abin kirki a kan sauran ba. Faya-fayan nan uku sun ishe mu dawo da komai idan suka yarda suka karantu.

Yanzu dubi layin nan mai lamba 199 a smartctl, UDMA_CRC_Error_Count. Ba ciwon cikin faifai take ƙirgawa ba. Tana ƙirga sau nawa bayani ya lalace a hanya tsakanin faifai da madabod. Kebul ne, ko bakin da aka soka shi, ko wuta. Lambar ba ta komawa sifili har abada, saboda haka abin lura shi ne ko tana ƙaruwa. Rubuta ta a takarda, sauya kebul, karanta faifan na ɗan lokaci, ka sake dubawa. Kuma gaya min, ta yaya ka ba faya-fayan wuta? Kowanne da bakinsa daga fawa-fak, ko akwai wayar raba wuta?

Mai_Hoto_Fagge:
Sabon fawa-fak ɗin bakin SATA uku gare shi. Sai aka sa min wayar nan mai raba ɗaya zuwa biyu. Wanda ya fita da sabon faifan su ne a kanta.

Damagaram_Tech:
To ga ɓarawon nan. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin da yake tashi, kuma a sake gini duka huɗun ke aiki tare ba hutu na awoyi. Wayar raba wuta mai arha bakinta sako-sako ne, da ta yi zafi sai wutar ta riƙa yankewa na ƙiftawar ido. Faifai ya ɗauke, Linux ya nemi shi bai amsa ba, md, wato sashen RAID na Linux, ya kore shi. Mu nan Zinder ga zafin bazara ga ƙura, na sha ganin bakin irin wayar nan ya yi baƙi har robar ta narke. Ciro ta ka shinshina, ka dubi launin ƙarfen ciki.

Dan_Tudun_Wada:
Ni dai na taɓa yin --create --assume-clean kuma komai ya dawo min lafiya lau. Ban ga dalilin tsoratar da mutum ba.

Hajiyar_Saba:
Ɗan Tudun Wada, Allah ne Ya rufa maka asiri, amma ba shawarar da za a ba wani ba ce. --create yana shafe bayanin shaidar da ke kan kowane faifai ya rubuta sabo, kuma wannan tsohon bayanin shi kaɗai ne ke faɗa maka jerin faya-fayan, girman yanka (gutsuren da ake raba data a tsakaninsu), da inda ainihin data ta fara, wato Data Offset. Tsofaffin mdadm suna yanka 64K ne idan ba ka zaɓa ba, na baya-bayan nan 512K. Data Offset ma ya sha sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan. Idan ka ƙirƙira da sabon mdadm abin da aka gina da tsoho, ko ka saɓa jeri, za ka samu RAID mai cewa lafiyarsa ƙalau alhali cikinsa a hargitse yake. Idan kuma ka manta --assume-clean, ya fara lissafin fariti (bayanin da ake dawo da na faifan da ya ɓace da shi) yana rubutawa a kan abin mutane, to sai dai haƙuri. Wanda bayanin shaidarsa ke nan daram kamar Malam Mai Hoto ba shi da wata buƙatar wannan hanya. --assemble --force ne nasa.

Injiniya_Samaru:
Na yarda da Damagaram a kan wayar wuta, amma ba na jin ita kaɗai ce. Kada mu manta da Current_Pending_Sector 8. Akwai wurin da faifan ya kasa karantawa da gaske. Malam, buga smartctl -l scterc a kansa ka gaya mana.

Dalilin tambayar: faifan da aka yi don saba, idan ya kasa karanta wuri, yakan yi ƙoƙari na kamar daƙiƙa 7 ya ce na kasa, sai RAID ya ɗauko daga sauran. Faifan kwamfutar gida kuwa yana iya nacewa fiye da minti ɗaya ko biyu, ba ya amsa kowa. Shi kuma Linux daƙiƙa 30 yake jira, idan shiru ya yi yawa sai ya sake kunna hanyar, wato "hard resetting link" ɗin da ka gani. Daga nan ƙaramin tabo guda ya zama an kori faifai sukutum. Idan faifan ya yarda, smartctl -l scterc,70,70 zai sa shi ya haƙura a daƙiƙa 7. Idan bai yarda ba, sai ka rubuta 180 a cikin /sys/block/sdX/device/timeout na kowanne. Duka biyun suna iya gogewa idan aka kashe wuta, sai an maimaita.

Mai_Hoto_Fagge:
Ya ce "SCT Error Recovery Control command not supported" a kan tsofaffin duka. Sabon ne kawai ya nuna 70. Na ciro wayar rabawar, Damagaram, bakin ɗaya ya yi ruwan ƙasa kuma yana lilo.

Bakatsine_Net:
Sabon faifan nan fa, ka duba ko SMR ne? A 2020 an yi ta cece-kuce da aka gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB, waɗanda lambarsu ke ƙarewa da EFAX, SMR ne ba a bayyana ba, har daga baya kamfanin ya fito da Red Plus don masu son CMR, wato faifai na tsarin da aka saba. Faifan SMR yana jera layukansa a kan juna, idan aka daɗe ana rubuta masa ba tsayawa sai ya riƙa yin shiru yana gyara ciki. Sake gini kuwa rubutu ne ba ƙaƙƙautawa.

Injiniya_Samaru:
Tambaya ce mai kyau, a duba. Amma a nan ba sabon ne ya fita ba, tsoho ne, kuma a kan karatu ya fita ba rubutu ba.

Mai_Hoto_Fagge:
Na duba lambarsa a shafin masu shi, CMR ne.

Malam_Sabo_Zongo:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Ni ban san mdadm sosai ba, sabobinmu katin RAID ne na Dell PERC. Amma matsalar iri ɗaya ce. Idan ka ɗauke faya-fayai daga wata saba zuwa wata, katin zai ce ya ga foreign configuration, ya ba ka zaɓi biyu, Import ko Clear. Import ne ke karanto tsarin daga jikin faya-fayan. Clear share shi yake. Na ga inda wani yaro mai koyon aiki ya zaɓi na biyun don saƙon ya daina damunsa. An dawo da abin daga baya, amma sai da aka sake gina tsarin daidai da na farko ba tare da initialize ba, kuma saboda akwai wanda ya rubuta jerin a littafi ne. Tun daga nan duk sabar da na taɓa sai na manna takarda a jikin kowane faifai da lambar gurbinsa. Wani abu kuma, batirin katin. Idan ya mutu, katin yakan koma write-through da kansa, wato rubutu kai tsaye kan faifai, aiki ya yi nauyi, sai wani ya tilasta write-back, mai fara tara rubutu a ƙwaƙwalwar katin, don a samu sauri. Ranar da wuta ta ɗauke, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar katin ya tafi ke nan.

Hajiyar_Saba:
Sannu Malam Sabo. Ni dai ina nan a kan tambayata. Malam Mai Hoto, ka ce Ubuntu yana kan M.2. Ɗauko littafin madabod ɗin ko ka nemo shi a intanet, ka duba wurin da aka yi bayanin kafofin SATA. Madabod da yawa suna raba hanya tsakanin gurbin M.2 da kafar SATA ɗaya ko biyu, da ka soka M.2 sai waɗannan kafofin su mutu, ko a BIOS ba za ka ga abin da ke kansu ba. Faifan da aka ce ya ƙone, a wace kafa yake? Sabon kuma a wace kafa ka sa shi?

Mai_Hoto_Fagge:
Innalillahi. Hajiya, littafin ya ce idan akwai M.2 na SATA, kafa ta 5 da ta 6 ba sa aiki. Tsohon a ta 5 yake. Sabon a ta 4 aka sa shi saboda kebul ɗinsa gajere ne. Yanzu na kai tsohon kwamfutar da muke tace bidiyo, ya tashi, smartctl bai nuna komai ba. Lafiyarsa ƙalau.

Damagaram_Tech:
Allahu Akbar. Hajiya, Allah Ya ƙara basira.

Dan_Tudun_Wada:
To ai shi ke nan, ya mayar da shi ya haɗa huɗun da --force.

Injiniya_Samaru:
A'a, a yi a hankali. Wannan faifan ya tsaya ne tun ranar da aka sauya madabod, kuma Malam ya ce sun ci gaba da aiki bayan nan. Duk abin da aka rubuta daga ranar babu shi a kansa. Idan aka cusa shi cikin jerin a matsayin mai cikakken bayani, za a cakuɗa tsoho da sabo, har tsarin fayil ɗin kansa ya rikice. A ajiye shi gefe, kada a rubuta masa komai. Amfaninsa yana nan gaba: wuraren nan 8 da ɗayan ya kasa karantawa, idan tsohon aiki ne a wurin, ana iya lissafo su daga wannan da sauran biyun.

Ga yadda zan bi da ni ne. A cire wayar raba wuta, a samo fawa-fak mai isassun baki, ko kuwa a kunna uku kawai tunda uku muke buƙata. A sauya kebul. A sa na'urar a kan UPS ko inbata, kada a yi wannan aiki a kan wutar da za ta iya ɗaukewa. Sannan a kwafe faifan mai tabo zuwa sabon 4TB ɗin da ddrescue, tunda abin da ke kan sabon rabin gini ne marar amfani. Zagayen farko da -n don ya kwashe mai sauƙi, na biyu da -r3 don ya koma wuraren da suka ƙi. Kada ka manta fayil ɗin taswira da ddrescue ke rubuta inda ya kai, shi ne ke ba ka damar ci gaba idan aka katse, kuma shi zai nuna ainihin inda aka rasa. Ka duba lambar jikin faifai sau biyu kafin ka danna, domin ddrescue ba ya tambaya wanne ne tushe idan ka juya su. Bayan nan ka cire mai tabon gaba ɗaya, ka haɗa biyun da kwafin.

Hajiyar_Saba:
Ƙari a kan na Injiniya: --force yana taɓa bayanin shaida, yana ɗaga Events na wanda ke baya. Don haka na fi son a fara shimfiɗa rufi da dmsetup a kan kowane faifai, duk rubutu ya tafi cikin wani fayil daban, a gwada haɗawar a kan rufin. Idan ta yi kyau, a hau da mount -o ro, wato karatu kawai, idan ext4 ne a ƙara noload don kada ya taɓa jonal. Idan ba ta yi ba, a zubar da rufin, faya-fayan suna nan yadda suke. Kuma ka sani, wurin da ddrescue ya kasa karantawa, a kan kwafin ba zai nuna kuskure ba, zai ba da duk abin da ke wurin kamar gaskiya ne. Shi ya sa taswirar ke da muhimmanci.

Bamaguje_404:
Tunda ana maganar madabod, ni tawa tambayar daban ce. Na sayi faifai girmansa ɗaya da sauran, mdadm ya ce "not large enough to join array". Me ke kawo haka?

Damagaram_Tech:
Duba hdparm -N. Wasu madabod suna yanke ɗan wuri a ƙarshen faifai su ɓoye kwafin BIOS, ana ce masa HPA, sai faifan ya ragu da kaɗan. Idan ka ga lambobi biyu sun bambanta, shi ne. Ga masu tsohon tsari na 0.90 ko 1.0 abin ya fi muni, don bayanin shaidarsu a ƙarshen faifai yake, sai ya ɓace. Na 1.2 yana 4K daga farko. Idan ba HPA ba ne, gwada blockdev --getsize64 a kan duka. Kuma in ta akwatin USB ka haɗa shi, cire shi, wasu akwatunan suna nuna sekta 4096 maimakon 512, lissafi duk ya sauya.

Bakatsine_Net:
Har ila yau dai maganata tana nan. Da RAID 6 ne, duk wannan tashin hankalin da bai taso ba, faifai biyu sun fita aiki na tafiya. Kuma RAID ba madadin kwafin ajiya ba ne. Wutar da ta ƙona madabod tana iya tafiya da huɗun a lokaci guda.

Malam_Sabo_Zongo:
Gaskiya ne game da kwafin ajiya. Amma RAID 6 a kan wayar wuta mai lilo da faya-fayan da ba sa amsawa cikin daƙiƙa 30, shi ma korar su zai yi ɗaya bayan ɗaya, lokaci kawai zai ƙara maka.

Mai_Hoto_Fagge:
Ga inda aka kwana. Na aro fawa-fak mai ƙarfi, na sa sababbin kebul, na rubuta 180 a timeout. ddrescue ya kwashe duka sai 4096 bytes da suka ƙi, kuma lamba 199 ba ta ƙaru ko ɗaya ba tun da aka sauya waya. Na bi bayanin Hajiya na rufi, --assemble --force ya ce ya tashi da faifai 3 cikin 4, na hau da ro, manyan fayiloli duk suna nan. Na buɗe bidiyon bikin da ya fi damuna, yana tafiya har ƙarshe. Yanzu ina kwashewa zuwa wani faifai na waje da na aro, na fara da aikin da ba mu miƙa ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifa.

Damagaram_Tech:
Amin. Ka ga lambar ta tsaya da aka cire wayar. Wuta ce.

Injiniya_Samaru:
Wuta ta taka rawa, ban musa ba. Amma 4096 bytes sekta 8 ne na 512, daidai da abin da smartctl ya nuna tun farko. Ko da waya mai kyau, sake ginin zai iso wurin, kuma RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya ba shi da inda zai ɗauko abin da ya ƙi karantuwa. Malam, kafin ka rushe komai, turo min taswirar ddrescue da Data Offset da girman yanka, mu lissafo wane fayil ne ke zaune a wurin, mu ga ko tsohon faifan nan na aljihun tebur zai cike shi.

Hajiyar_Saba:
Amin summa amin. Kuma idan an gama kwashewa, duba ko --examine ya nuna Internal Bitmap, wato lissafin wuraren da suka sauya. Idan akwai, a gwada --re-add na tsohon a kan rufi, wataƙila ya karɓa ya cike abin da ya sauya kawai. Ban ce dole ya yi ba, tunda an riga an fara gini a gurbinsa. Sai ka tabbatar binciken wata-wata yana gudana, a Ubuntu ko checkarray ne ko mdcheck gwargwadon wanda kake da shi, kuma ka sa mdadm ya riƙa turo maka saƙo idan faifai ya fita. Tabon nan mai yiwuwa ya daɗe a wurin, babu wanda ya karanta shi sai ranar sake gini.

Bamaguje_404:
Damagaram, na duba hdparm -N, lambobin biyu sun bambanta, ya rubuta HPA is enabled. In cire shi a kan wannan madabod ɗin, ko za ta sake mayar da shi idan na kunna?